Shekarar da Aka Tsugunar da Mu

Na gaji da jin labarin nan a bakin mutanen da ba sa nan sa'ad da aka yi shi, shi ya sa zan rubuta muku da hannuna tun idona yana gani. Ku 'ya'yana kun tashi kun ji ana kiran unguwarmu Tsugunne, ana ce muku 'yan Tsugunne a makaranta da kasuwa, Aminu har dambe ya yi a kan haka aka fasa masa leɓe. Kun kuma ji Gwaggonku Hanne, Allah ya ji ƙanta, tana faɗa a gidan biki da gidan makoki cewa ni na kwashe gida na bar mahaifinmu shi kaɗai a bakin rafi. Maganganun nan biyu tushensu ɗaya, kalma ce guda da na furta da bakina a cikin wani ajin firamare, kuma shekara talatin da wani abu ke nan ina amsa tambaya a kanta.

Asalinmu ba nan ba ne. Garinmu Gangaren Marke, ƙauye ne ƙarami a gefen Gude, a kwance a bakin rafi. Kakana ne ya zo da shanunsa ya ga ciyawa da ruwa ya sauke kaya, wasu suka biyo shi, aka fara noma gero da dawa, har bukkoki suka zama ɗakunan ƙasa. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, a nan aka haife shi. Dogo ne siriri, ba ya son surutu, amma in ya buɗe baki sai ka gwammace da sanda ya dake ka. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare wajen Sabon Birni, ina zuwa a keke ina dawowa, mahaifiyarku Rabi tana goyon Aminu.

A shekarar, da marka ta kankama sai aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rafin da muke tsallakewa da ƙafa ya cika ya fara cin gaɓa. Ran na ukun bayan la'asar muna tsaye a ƙofar gida muka ga rumbun maƙwabcinmu ya karkata a hankali, kamar tsoho zai yi ruku'u, ya faɗa ruwa da hatsin da ke ciki. Kafin magariba bangon ɗakin Innarmu ya zube. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, amma fiye da rabin gidajen garin sun tafi, sauran kuma duk sun tsage. Muka kwashi abin da ya kwasu muka hau tudu, muka shiga firamaren da ke kusa da mu, da yake ana hutu. Aji ɗaya gida huɗu, an raba da zannuwan mata.

Bayan kamar mako biyu sai ga mota daga birni da mutum uku. Babbansu wani mai tabarau ne, ya sha shadda mai sitaci, aka ba shi kujerar hedimasta, mu kuma muka zauna a ƙasa. Ya zaro takarda ya karanta da Turanci tun daga sama har ƙasa. Abin da har yau yake ba ni haushi, mutumin nan Bahaushe ne, Hausarsa ta fi tawa, da ita ya gaisa da mai unguwa. Amma takarda ta zo da Turanci, to da Turanci zai karanta wa tsofaffin da ko baƙi ɗaya ba su sani ba. Da ya gama, mai unguwa ya waiwayo ya dube ni.

"Malam, kai ne ɗan boko. Me ya ce?"

Na miƙe. Yawancin takardar ba wuya: an jajanta mana, an auna wurin an ga ba zai sake zaunuwa ba, an samo fili a kan tudu ta hanyar Lakwaya. Amma akwai kalma ɗaya da ta yi ta dawowa. Na san ma'anarta sarai, wato a ɗauki mutanen da wata masifa ta raba da gidajensu a kai su wani wuri a ba su mazauni. Da na faɗe ta haka a warware da na huta. Sai dai ina matashi, ina so a ga na iya, na ce lallai sai na samo mata kalma guda. Sai na tuna yadda masu karanta labarai suke faɗa a rediyo.

"Hukuma ta ce za ta sake tsugunar da mu."

Daga can baya, inda ya jingina da bango da sandarsa a kafaɗa, na ji muryar Baffa.

"Za a yi mana me?"

"Za a sake tsugunar da mu, Baffa."

"Sake? Da can wa ya tsugunar da mu?"

Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Shi ko murmushi bai yi ba.

"Ni dai abin da na sani, yaro ne ke tsugunawa ya gaida babba. Wanda aka kama da akuyar mutane, shi ake tsugunarwa a gaban mai gari. Sai kuma wanda ya zaga bayan gida. Tambayar min shi, a cikin ukun nan wanne ne mu?"

Ba sai na tambaya ba, mai tabarau ya ji da kunnensa. Nan take Hausarsa ta dawo. Ya ce haba Baba, ai kalma ce kawai, haka ake faɗa ko'ina, ba wani abu ake nufi ba.

"To in ba komai ba ne, sauko ka tsuguna mu ga yadda ake yi."

Wurin ya ɓarke da dariya, mai unguwa yana ta ba da haƙuri, mai tabarau ya haɗe rai ya hau tattara takardunsa. Ni kuwa ina tsaye a tsakiya, duk harara a kaina take sauka, ta wancan ɓangaren da ta wannan.

Tun daga ranar nake juya kalmar nan a kaina, kuma ku yi haƙuri da tsohon malami in ya ɗan tsaya a kanta. Ba ni na ƙirƙire ta ba, kuma ba kuskure na yi ba. Haka ake faɗa, har gobe za ku ji an ce an tsugunar da waɗanda ambaliya ta raba da muhallinsu, ko an sake tsugunar da 'yan gudun hijira. Matsuguni ma daga nan ya fito, kuma ba wanda ke jin zafi in an ce ya samu matsuguni. Amma ku lura da abu ɗaya: ba ku taɓa jin mutum ya ce na tsugunar da kaina ba. Kullum wani ne yake yi wa wani. Attajiri in ya bar tsohon gidansa cewa ake yi ya tare a sabo. Ma'aikaci in aka ɗauke shi daga Kabo aka kai shi Gwarzo, canjin wurin aiki aka yi masa. Kakana ƙaura ya yi, da ƙafarsa da ra'ayinsa. Wanda ake tsugunarwa shi ne wanda ba a tambaye shi ba. Baffa bai taɓa riƙe alli ba, amma ya ji wannan a cikin kalmar tun kafin in rufe bakina, ni kuwa da nake koya wa yara Hausa sai da na yi shekaru kafin in ji.

Bayan kwana biyu aka kai mu ganin filin. Fako ne, tsakuwa zalla, ba bishiya sai ƙaya jefi-jefi. An kafa turaku an ja igiya, an yanka wa kowane gida nasa, duk girmansu ɗaya, mai mutum uku da mai mutum ashirin. Baffa ya zo, don shi ba ya ƙin ganin abu da idonsa. Ya taka filin da aka nuna mana daga wannan turke zuwa wancan, ya dawo, ya dubi yaron ofis ɗin da ke riƙe da taswira.

"Ina wurin shanu?"

Aka ce masa takarda ba ta yi maganar shanu ba, iyalai aka ce.

"Ina rijiya?"

Aka ce tana tafe.

Ya juyo gare ni. "Ka gani? Ashe fassararka daidai ce. Mai tsugunawa wurin tafin ƙafa biyu kawai yake bukata, shi suka auna."

Ya saɓa sandarsa ya kama hanya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya ya faɗa.

To amma gaskiyar Baffa ba ta rufe mana kai daga ruwa. Hutu ya kusa ƙarewa, hedimasta yana zuwa kullum da safe ya gaishe mu doguwar gaisuwa, ya tambayi kwanan yara, sannan ya dubi azuzuwansa ya yi ajiyar zuciya. Aminu ya kama tari saboda sanyin siminti, in ya fara sai idonsa ya yi ja. Aka sanar cewa ranar Alhamis za a rufe rajista, kowane maigida ya je ya dangwala yatsa, wanda bai je ba a ba wani filinsa. Na yi wa Baffa magana sau uku. Na farko ya kawar da kai. Na biyu ya ce zai koma ya gyara gidan ubansa. Na ce Baffa, gidan rabinsa yana cikin rafi. Ya ce rabin ai yana nan. Na uku ko tsayawa bai yi ba, ya ce shanu suna jiransa.

Ranar Laraba da hantsi na tarar da Innarmu a bayan aji tana ƙoƙarin hura wuta da ɗanyen itace, hayaƙi ya cika mata ido. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika kallona in tana magana ba. Tukunya ta kalla.

"An ce gobe za a rufe."

"Haka aka ce, Inna."

"Shi ba zai je ba. Shekara arba'in ina tare da shi, in ya ce a'a ko shi kansa ba ya iya janyewa."

Na ce ai kalmar ce ta ɓata masa rai, da na san haka da na faɗa ta wata hanya. Sai ta ajiye mafici.

"Ku dai maza kuna da lokaci. Ni ko tsuguno ne, ko durƙuso ne, ko a ce in tsaya da ƙafa ɗaya, ina so, in dai ba ruwa a ƙarƙashina. Bango ya faɗo a kan gadona ina tsakar gida, da ina ciki fa? Yaron nan tarinsa ba ya bari uwarsa ta runtsa. Wanda zai iya zuwa ya je."

Ba ta ce ni ba. Amma a gidan nan ba wani mai zuwa sai ni.

Ranar Alhamis na je. Magatakarda ya tambayi sunan maigida. Na tsaya jim, na yi tunanin in ba da sunan Baffa in dangwala a madadinsa, sai na ga wannan ƙarya ce a kan takarda, kuma in ya ji an sa sunansa a abin da ya ƙi, ba zai yafe ba har abada. Sai na ba da sunana. Na ɗauka na zaɓi mai sauƙin. Kafin in iso makarantar labari ya riga ni. Na sami Baffa a gindin bishiya yana gyara igiyar ɗaure maraƙi. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa, bai ɗago ba.

"Na ji an ce gidan ya yi sabon maigida. Allah ya sanya alheri."

Na fara bayani. Ya ɗaga hannu.

"Ba a yi wa mutum bayani a kan gidan da ba nasa ba. Ka kwashi mutanenka."

Haka aka yi. Na kwashi mutum goma sha ɗaya: Inna, mahaifiyarku da Aminu, ƙannena da matan biyu daga cikinsu da 'ya'yansu. Baffa ya koma Gangaren Marke, ya yi bukka a kan ɗan tudun da marken da garin ya ci sunansa yake, ya kafa turakun shanunsa a gefe. Sai ga Hanne ta zo daga gidan mijinta a Lakwaya, ta faɗi a ƙasa tana kuka, wai boko ya sa na ci gadon ubana da ransa. Na ce to, ke ki ɗauke shi ki kai gidanki. Ta ce ai gidan miji ne. Na ce to ki je ki lallashe shi ya biyo mu. Ta je, ya kore ta da magana ɗaya, ta dawo ta ci gaba da kukanta a kaina. Daga nan labarin da kuka ji ya samo asali, kuma ta riƙe shi har ta koma ga Allah. Ina sonta, 'yar'uwata ce, amma ko sau ɗaya ba ta kai masa ƙwaryar fura ba, ni kuwa kullum sai na je.

Wannan ne ba a faɗa muku. Kowace safiya Inna za ta dama fura ko ta ɗumama tuwo, in ɗaure a bayan keke in bi ta Gangaren Marke kafin in wuce makaranta, hanyar da ta ninka min tafiya. Zan yi sallama, in gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo mai mutunci. Ya karɓi kwanon, ya ba ni na jiya a wanke, ya cika min gora da nono.

"Ka gaida mutanen gidanka."

Iyakar hirarmu ke nan. Mutanen gidanka. Matarsa ce fa a ciki, da 'ya'yan da ya haifa.

A sabon wurin kuwa mun ga abin da muka gani. An kafa allo a bakin hanya an rubuta Sabon Matsuguni, iskar bazara ta farko ta kayar da shi, 'yan kasuwa kuma da suka ji labarin abin da ya faru a aji suka sa mana Tsugunne, ya bi mu. Rijiyar da aka ce tana tafe ba ta iso ba. Na je wannan ofis a ce na wancan ne, na je wancan a ce mai sa hannu ya fita. Mai tabarau ban sake ganinsa ba, kodayake na ji an ce a takarda an rubuta cewa an kammala tsugunar da mu. Matanmu suna tafiya mai nisa da tulu a ka, mahaifiyarku har wuyanta ya riƙe. Waɗanda suka taho da shanu suka rasa inda za su ɗaure su, in sun sake su sai gonakin mutane, sai rigima, ɗaya bayan ɗaya suka rabu da su. Da rani ya yi muka gaji da jira, muka haɗu mu da kanmu muka haƙa rijiya, muka sha wuya da dutse kafin mu ga danshi. Muka dasa darbejiyar da kuke zama a inuwarta yanzu kuna cewa unguwarku ta fi ko'ina sanyi.

Da damina ta zagayo rafin ya sake cika, ya cinye ragowar tsohon gidanmu, har da ɗakin da ni da mahaifiyarku muke kwana. Da safe na je da kwanon tuwo na same shi a tsaye a bakin gaɓa yana kallon inda gidan yake a da, ba komai sai jan ruwa yana wucewa. Na tsaya a gefensa. Wallahi ba so nake ya ce na yi daidai ba, ko kai kawai ya gyaɗa ya ishe ni. Ya daɗe yana kallo.

"Ruwa ya yi yawa bana," in ji shi.

Na hau kekena na tafi, ina tafe ina magana ni kaɗai kamar mahaukaci, har wani mai jaki ya tsaya yana kallona. Amma don in yi adalci, ni ma ban taɓa ce masa ya yi daidai ba. A duk mutanen Gangaren Marke garkensa ne kaɗai ya tsira, kuma shanun da ƙanina yake kiwo yau, waɗanda kuka sha nononsu kuka girma, jikokin waɗancan ne. Da ya biyo ni da babu su. Da na bi shi da babu ku. Ku je ku raba mana wannan shari'a in kun iya, ni na kasa.

Shekara huɗu ya yi a bukkar nan, bai taɓa taka Tsugunne ba, ko ranar sunan 'yata Hadiza. Inna ce take zuwa wurinsa duk Juma'a, ta share masa bukka, su yi faɗansu ta dawo. Da ciwon ajali ya kama shi na kawo amalanke in ɗauke shi, ya ce in mayar. Ban yi musu ba, na riga na koyi darasi. Na ɗauki hutu a makaranta na koma can da tabarmata, ni da Inna muna jinyarsa. Wata rana da azahar, bayan na gyara masa kwanciya, sai ya yi magana idonsa a rufe.

"An ce kun haƙa rijiya."

"Mun haƙa, Baffa. Shekara uku ke nan."

"Ku da kanku?"

"Mu da kanmu."

"Gaba nawa?"

"Goma sha biyu."

Na ɗauka barci ya ɗauke shi, sai na ji muryarsa.

"Kawo min in ji."

Na hau keke a cikin ranar nan na je na ja ruwa da hannuna, na cika jarka na dawo. Inna ta zuba a moɗa, na tallafo kansa, ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai sayen man shanu.

"Da kanwa-kanwa," ya ce. "Bai kai na rafi ba."

Ya shanye moɗar tas. Washegari da na ɗebo masa na rafin ya kawar da kai, ya ce in koma in ƙaro wancan. Kwana tara ina zuwa ina ɗebowa, yana sha yana kushewa. Ran na goma muka binne shi a gindin marken, a kan tudun da ya zaɓa, inda har yau ruwa bai kai ba.